Hannun Isufu Mai Ruwa

A wani ƙauye cikin karkarar Yekuwa akwai mutumin da ake kira Isufu Mai Ruwa. Dogo ne siriri, furfura ta fara cin gemunsa, kuma komai tsananin zafi ba ya naɗe hannun rigarsa na dama. Waɗanda suka taɓa zama kusa da shi wurin alwala sun san dalili. Tsakanin gwiwar hannunsa da wuyan hannu akwai wani lotsi kamar an ɗebi naman da ludayi, fatar wurin tana sheƙi, gashi bai sake fitowa a kai ba.

Ubansa manomi ne, ya bar masa gonar jigawa wadda gero da wake kaɗai take karɓa. Da ya ga abin da ake girbewa ba ya kai iyali wata damina, sai ya yi ƴan shekaru yana zuwa ci-rani Kano, yana tura kurar ruwa a lungunan birni. Can ya gane ruwa ma sana'a ne. Rijiyar ƙauyensu kuwa tana da nisa da gidaje, mata sun gaji da ɗaukar tulu a cikin rairayi. Ya dawo gida ya haɗa amalanke, ya ɗora tano biyu, wato manyan gangunan ruwa, ya je kasuwar Sassumbrum ya sayo ɗan jaki fari-fari, irin wanda ake kira akaza. Sunan ya bi jakin, kowa Akaza yake ce masa.

Isufu ba mai yawan magana ba ne da mutane, amma da Akaza hira yake yi tun daga rijiya har gari. Jakin ya san gidajen da ake sauke ruwa, yana tsayawa ƙofar kowanne ba sai an ja masa igiya ba. Matar Isufu, Saliha, takan ce in da jakin nan ya iya ɗaga bido, wato jarkar ruwa, da tuni ya kori maigida daga aiki.

Wata bazara, rana ta take tsaka, suna dawowa daga rijiya da tano cike. Babu kowa a hanya, ko tsuntsu ba ya motsi. Can gaba inda kawalwalniya take rawa a kan rairayi, Isufu ya hangi wani abu yana tahowa. Da ya matso sai ya ga kare ne, ja, ramamme, muƙamuƙinsa na ƙasa a sake. Tafiyarsa ce ta ba shi mamaki. Miƙe yake tahowa ɗoɗar kamar ana jan sa da igiya, ba ya duban dama ba ya duban hagu. Kowane kare yana kauce wa amalanke, wannan bai kauce ba. Yana isowa ya ɗaga kai ya cafki Akaza a leɓe, ya sake shi, ya ci gaba da tafiyarsa a kan layin da ya ɗauko, ba haushi ba gurnani, har ya shige cikin kawalwalniyar baya.

Isufu ya sauko ya duba. Ɗan tsagu ne kawai, jinin ma bai kai ya ɗiga ƙasa ba. Ya wanke shi da ruwan tano, suka wuce. Da ya isa gari ya tambaya ko wa yake da jan kare. Ba wanda yake da shi, ba kuma wanda ya gan shi. Daga nan maganar ta fita ransa.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana gyaran gonaki, sannan Akaza ya soma canzawa. Kukansa ne ya fara lalacewa, ya koma wani irin kakari kamar tarin tsoho. Ya riƙa goga leɓensa a jikin turke har ya saɓule, wurin da ya riga ya warke tuntuni. Wata safiya Isufu ya tarar ya gaigaye katakon amalanke. A zagayen ranar kuma ya wuce ƙofar gida uku bai tsaya ba, ya je ya tsaya gaban wani kango da ba kowa a ciki, ya ƙura wa ƙofar ido.

Washegari a bakin rijiya, makiyaya suna shayar da shanu, Isufu ya kwance Akaza ya kai shi kwamin da dabbobi suke shan ruwa. Jakin ya tsoma baki cikin ruwa ya daɗe, amma ruwan bai ragu ba. Yawu ne kawai yake zuba yana yawo a kai. Isufu ya ɗauka ƙaya ce ta maƙale masa a maƙogwaro, ya naɗe hannun riga, ya kama haɓarsa zai buɗe bakin ya duba.

Akaza bai yi harbi ba, bai yi kuka ba. Ya dai juyo a hankali ya kama hannun, ya datse. Isufu ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Abin da ya fi tsaya masa a rai daga baya shi ne idon jakin, wanda yake dab da nasa amma ba shi yake kallo ba, wani wuri yake kallo can bayansa. Makiyaya suka rufe shi da sanduna, bai saki ba, sai da wani dattijon makiyayi mai suna Hammadu ya cusa masa sanda ta gefen baki ya banƙare muƙamuƙin.

Isufu yana zaune a ƙasa, jini yana bin gwiwar hannunsa, ya ga samari sun ɗauko gatari. Ya ce, "Ku bari, jakina ne."

Hammadu ya ce, "Wannan ba jakinka ba ne kuma, Isufu. Juya baya."

Ya juya. Hammadu ya durƙusa gabansa ya riƙa kwarara masa ruwa a kan raunin, guga bayan guga, yana cuɗawa da wani guntun sabulu da wata mai wanki ta miƙo. Sannan aka ɗora shi bayan moto, wato babur, zuwa gidan likita na Yekuwa.

Manjon, wato shugabar masu jinya da ke riƙe da wurin, mace ce, Malama Hinda, ba ta kai ƙanwarsa shekaru ba. Ta ji labarin jakin, ta tambaya ko wani abu ya taɓa cizonsa. Da Isufu ya ambaci jan karen, sai ta jawo bokiti. Ta wanke raunin da ruwa da sabulu har ya ɗauka ba za ta daina ba, har ɗakin ya riƙa juya masa. Ta gyare naman da ya mutu, ta zuba jan magani, ta cusa farin ƙyalle a ciki, ta rufe sama-sama. Daga nan ta fara wanke hannunta.

Isufu ya ce, "Malama, ɗinkin fa?"

Ta ce, "Ba za a ɗinke ba, Baba."

"Da hannun nan nake cin abinci. Na ga wanda lauje ya yanka, nan wurin aka ɗinke shi, kafin wata ya ƙare ya koma gona."

Ta zauna kan kujerar da ke gabansa. "Yankan lauje daban, bakin dabba daban. Yanka mai tsabta, in an zo da wuri, sai in haɗa bakinsa in ɗinke. Naka haƙori ne ya dagargaza naman, ya tura yawu can ƙasa inda idona ba ya kaiwa. In na ɗinke, na rufe ɗaki ke nan da ɓarawo a ciki. Allurar ɗinkin ma tana iya ƙara tura dafin. A buɗe za mu bar shi ya riƙa fitar da abin da ke ciki, muna wankewa, nama ya tsiro daga ƙasa ya taso da kansa. Zai daɗe, amma ita ce hanyar."

Ta ce kuma jakin da alama haukan kare ne ya kama shi, don haka yau ɗin nan sai ya isa babban gidan likita na Magariya a fara yi masa allurar rigakafi, kuma duk ranar da aka ce ya koma, ya koma, ko da sama za ta faɗo. Aka kai shi, aka yi masa ta farko, ya dawo gida da hannu rataye a wuya.

Gaisuwa ta zo da yawa a farko, amma Isufu ya lura masu gaisuwar daga bakin zaure suke tsayawa. In ya miƙa hannun hagu, sai a dafa ƙirji a ce sannu. A masallaci aka bar masa buta tasa shi kaɗai, ba wanda ya faɗa, ba kuma wanda ya ƙara taɓa ta. A gida kuwa, duk safiya Saliha takan kawo masa ruwa a ƙwarya, ta tsaya. Ba fuskarsa take kallo ba, maƙogwaronsa take kallo. In ya kai ƙwaryar baki gidan yakan yi tsit, har mai daka a maƙwabta kamar takan riƙe taɓarya. Sai ya haɗiye sannan motsi ya dawo.

Akwai wata tsohuwa a unguwarsu, Inna Ƙande, ƙanwar kakarsa ce ta wajen uwa. Wata hantsi yana kwance a inuwar zana, ya ji muryarta daga ɗaya gefen tana yi wa mata magana ƙasa-ƙasa. Ta ce tana yarinya kare ya ciji wani mutum a garinsu, ya warke sumul, ya yi noma, ya yi girbi. Sai bayan an kai amfani rumbu, wata rana aka miƙo masa ruwa ya yi tsalle baya kamar an miƙo masa garwashi. Ƙishirwa tana cin sa, yana roƙon ruwa, in an kawo ya shaƙe. Iska ma in ta taɓa fuskarsa sai ya firgita. A ɗaki aka ɗaure shi, kuma yana cikin hankalinsa, yana kiran ƴaƴansa da sunayensu yana cewa kada su matso.

Wata ta ce, "Amma ai shi Isufu ana yi masa allura."

Inna Ƙande ta ce, "Allah ya sa. Ni dai abin da na sani, likita tana ɗinke kowa. Shi ta ƙi. Wa zai ɓata zarensa a kan wanda ya san tafiya zai yi?"

Isufu bai motsa ba har suka watse. Tun daga ranar, in Malama Hinda ta cire ƙyallen za ta wanke, sai ya riƙa duban raunin da wani ido. Ja ne jawur kamar cikin kankana, kullum a jiƙe, gefunansa a wage kamar baki. Ya riƙa karanta fuskarta ko zai ga abin da take ɓoyewa. In ta yi masa fara'a sai ya ce tausayi ne. Da rana kuma, daidai lokacin da suka saba zagaye, yakan ji kukan ƙafar amalanke a bayan gida, da takun kofato yana tsayawa ƙofa-ƙofa. In ya fita sai ya tarar amalanken tana nan inda aka jingine ta, kaji suna kwance a ƙarƙashi.

Ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gona. Isufu ya sami gidan ba kowa. Ya cire ƙyallen, ya jiƙa ƙaron itace ya shafe gefunan raunin, ya matse su da yatsu har suka haɗu, ya yanko robar tayar moto ya naɗe tam, ya saukar da hannun riga. Da Saliha ta dawo ya ce mata Malama ta ce wankin ya isa haka. Ranar ya ji wani sanyi a ransa, kamar ya rufe ƙofar da aka bari a buɗe.

Sanyin bai daɗe ba. Hannun ya soma zugi, ya kumbura har yatsun suka yi kamar rogo. Kaluluwa ta fito masa a hamata. Zazzaɓi ya rufe shi, bakinsa ya bushe, maƙogwaronsa ya yi masa ƙunci. Da safe Saliha ta kawo ƙwarya, ya ce ta ajiye zai sha. Ta fita, ya zauna yana kallon ruwan, ya kasa kai hannu. Bai san ko ba zai iya ba ne, ko tsoron gwadawa yake yi. Ya tuna mutumin Inna Ƙande yana kiran ƴaƴansa.

Ya tashi ya ɗauki igiyar Akaza da ke rataye a jikin rumbu, ya fita ta bayan gida. A ƙarshen gonarsa akwai wani gawo da ya riga ya kakkaɓe ganyensa kamar yadda gawo yake yi in damina ta shigo, ya tsaya fari fat a tsakiyar kore. Isufu ya zauna ya jingina da shi, ya zagaya igiyar a ƙugunsa da jikin itacen, ya ƙulla da haƙori da hannun hagu, ya murza ƙullin ya koma baya inda ba zai kai ba. Ya zauna yana jira. Rana ta hau. Ƙudaje suka gano hannun rigarsa. Can nesa yana hango masu shuka suna tafe suna duƙawa, babu sautin da yake isowa gare shi.

Sawunsa Saliha ta bi a kan jiƙaƙƙen rairayi. Ya hango ta tana tahowa da ƙwarya a hannu biyu, a hankali don kada ruwan ya zube. Da ta matso ya ce, "Tsaya nan."

Ta tsaya. Ta dubi igiyar, ta dube shi.

Ya ce, "Abin ya zo, Saliha. Ki koma, ki hana yara zuwa nan. Ki gaya wa liman."

"Ka gwada sha, Malam?"

"Ban iya ba."

"Ka gwada, ko ba ka gwada ba?"

Ta tako har inda ƙafafunsa suke, ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a kan cinyarsa, ta koma baya taku ɗaya, ta zauna a kan kunyar gona ta naɗe ƙafa kamar mai jiran tuwo ya nuna.

Ya ɗauki ƙwaryar da hagu. A ciki yana ganin busassun rassan gawo da wata baƙar fuska da bai gane ba sosai. Maƙogwaronsa ya ƙulle. Ya rufe ido, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Ruwan ya tsaya masa a baki, yana jin numfashin Saliha. Sannan ya wuce. Ya sake kurɓa, ya wuce. Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya.

Saliha ta miƙe. Ta zagaya bayan itacen tana kwance ƙullin, sai ta tsaya, ta shaƙi iska. "Me ka yi wa hannun nan?"

A amalanken shanun maƙwabci aka kai shi Yekuwa. Malama Hinda ta tsaga hannun rigar da almakashi, ta ga robar, ta ɗaga ido ta dube shi sau ɗaya. Tana yanke ta raunin ya buɗe da kansa, mugunya ta ɓalle, wari ya cika ɗakin har Saliha ta toshe hanci da mayafi. Nan take Isufu ya ji zugin ya sassauta.

Tana wankewa ya ce, "Malama, ki gaya mini gaskiya. An ce kin ƙi ɗinkewa ne don kin san mutuwa zan yi."

Ba ta daina aikin ba. "Wa ya ce?"

"Ana dai faɗa."

"Baba, rai na Allah ne, ni ban san ranar kowa ba. Amma da na yanke ƙauna da kai, da ban sa ka jigilar Magariya ba, da ban tsaya ina wanke wannan kullum ba. An wanke maka shi tun a bakin rijiya, an fara maka allura a ranar. Wannan zazzaɓin na ruɓa ne, ba na kare ba. Abin da na ƙi rufewa ka rufe, ka ga abin da ya tara." Ta ɗaga ƙyallen da ta goge da shi ya gani. "Da ka ƙara jinkiri, hannun za mu yi maganar cirewa."

Ta kwantar da shi a wurin har zazzaɓin ya sauka. Raunin ya fi da girma yanzu, domin sai da ta ƙara yanke abin da ya lalace. Amma wata safiya ta ce ya duba can ƙasa. Ya ga wasu ƴan ƙwayoyi ja-ja, masu sheƙi, kamar tsabar dawa, sun lulluɓe gindin ramin. Ta ce sabon nama ke nan. Daga ranar, shi da kansa yake fara leƙawa in an cire ƙyalle.

Daminar duka a haka ta wuce. Ƴan'uwa suka yi masa gayya suka nome gonar. Ya cika allurarsa bai tsallake ko ɗaya ba. Ramin ya riƙa cikowa a hankali, fata tana rarrafowa daga gefe, har ya rage kamar bakin tulu, ya koma kamar ƙwandala, ya rufe ana cikin yankan gero. Yatsu biyu na ƙarshe ba su ƙara miƙewa sosai ba. Duk da haka bai saki jiki ba sai da aka kai amfani rumbu, aka ci, wata damina ta zagayo.

Jaki kuwa bai sake saye ba. Ɗan maraƙi ya samu wajen Hammadu ya horar da shi, ya koma ɗaukar ruwa. Gidajen suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Inna Ƙande tana cikin na farko, sai dai har ta rasu, in ya sauke mata ruwa, awakinta take fara ɗebar wa ta tsaya ta ga sun sha. Bai taɓa nuna ya gani ba. Da aka yi wa ƙauyen famfo, sana'ar ta mutu, ya koma dakon dammunan gero da harawa zuwa kasuwa, amma sunan Mai Ruwa bai bar shi ba. Da maraƙin nasa kuwa, ko da ya zama sa, ba ya hira.

Sai daga baya ya ji cewa samarin da suka kashe jakin sun ja gawar ne har gefen gonarsa na arewa, suka haƙa rami mai zurfi suka binne don kada karnuka su tone. Ba wanda ya nuna masa wurin, gero ne ya nuna. Duk shekara akwai wani ɗan fili da karansa yake fin na sauran tsawo, ganyen baƙi-ƙirin don kore, zangarniya kamar damtse. In an zo girbi Isufu yakan yanke ko'ina ya zagaye wurin. Saliha ta sha gaya masa cewa tsuntsaye suna cinye shi tas kuma ba abin da yake samun su. Yakan ce ya sani. Karan yana nan tsaye har rani, iska tana kaɗa shi, sai shanun makiyaya sun shigo gonar sun tattake.